Rijiyar Ƙi-fita

Sunan gidanmu Ƙi-fita. Shi ne a takardata ta gama firamare, shi ne a katin ɗan ƙasa, shi ne kuma ɗalibaina suke rubutawa a bangon aji duk ranar da na cika musu aikin gida. A baki Ƙi-hita muke cewa, kamar kowa a Tsamaye. Yaran da muka shiga makaranta tare, kowa ya rataya sunan ubansa ko na garinsu ya wuce lafiya lau. Ni kuwa duk safiya in an zo kiran suna sai aji ya kwashe da dariya, ga ni gajere, ga zuciya a kusa. Na yi dambe a kan sunan nan ya fi a ƙirga, kuma in faɗi gaskiya yawanci ni ake kayarwa.

Dariyar tana da tushe. Abin da kowa ya sani a garinmu shi ne, wai a zamanin Turawa an zo ɗibar maza aikin dole, kakanmu ya tsorata ya faɗa rijiya ya ɓuya, aka yi kiran duniya ya ƙi fitowa, har aka gaji aka kora sauran maza aka bar shi a ciki. Wace rijiya ce, a wane gari, ba wanda ya sani, amma rashin sanin bai taɓa hana kowa ba da labarin ba. Ko a wajen noman gayya, in ɗan gidanmu ya ajiye fartanya ya nufi tulu, sai wani ya ce a je a tare bakin rijiya.

Mahaifina bai san ubansa ba. Yana goye uwarsa ta dawo da shi Tsamaye gidan wanta, ta ce mijinta ya rasu a can ƙasar Isa. Irin matan da ce, waɗanda ko wuƙa aka sa musu a wuya ba sa kama sunan miji, balle su zauna suna ba da labarinsa. In an matsa mata sai ta ce, "Ya shiga rijiya ya ƙi hita," ta juya fuska. Ta rasu mahaifina bai yi wayo ba. Da aka zo ɗaukar yara makarantar elamantare, kawun nasa ya duba gidan ya miƙa maraya, kamar yadda ake yi a lokacin. Malamin ya tambayi sunan uba, aka faɗa, ya ce yana da yara huɗu a ajin da ubanninsu ke da wannan suna, a ba shi laƙabi. Kawun dama bai taɓa yafe wa mutumin da ya auri ƙanwarsa ya kai ta nesa ba. Ya ce, "Rubuta Ƙi-hita." Malam ya rubuta, tawada ta bushe, mu kuma muka gada.

Yayana shi ya fara gajiya. Dogo ne, ya ɗebo dangin mahaifiyarmu, yana aiki a Sakkwato, yana da mota da manyan riguna. Wata shekara, bayan an gama zuba gero a rumbu, ya zo gida da takarda daga kotu. Ya yi rantsuwa ya ajiye Ƙi-fita ya ɗauki sunan garinmu. Ya tara mu a zaure ya ce kowa ya bi sahu, don jikoki su huta da abin da muka sha. Na buɗe baki zan yi masa tatas, sai na ce bari in jira tsoho, don na tabbata da sanda zai kore shi.

Mahaifina yana zaune a kan buzunsa. Lokacin ya haura saba'in, ido ya fara rauni. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ku canza. Ni dai shi kaɗai nig gada wurin uba, ba gona, ba riga, ko huska tai ban sani ba. Amma in kunya shika ba ku, ku aje shi. Ni ma na daɗe ina ɗauke da kunyag ga."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta soke ni. Shekara arba'in da wani abu ina tare da shi, ban taɓa sanin ya yarda da labarin ba. Na zaci ta kunne ɗaya yake shiga ya fita ta ɗayan. Ashe mutumin nan da ya yi limancin unguwa, ya shiga tsakanin manoma da makiyaya ba sau ɗaya ba, ana zare wuƙa bai ja da baya ba, yana kwana yana tashi da cewa shi ɗan matsoraci ne, kuma haka zai shiga kabari. Raina ya ɓaci ƙwarai, da yayana, da kawun da ya daɗe a ƙasa, da garin gaba ɗaya. Na ce a ba ni zuwa saukar ruwan shuka. In ban samo gaskiyar maganar ba, ni zan riga kowa zuwa kotun.

Yayana ya yi dariya ya ce, "Malam, rijiyoyin ƙasag ga duka za ka leƙa? Ka dai riƙe igiya da kyau, kai da ba ka da tsawo."

Da aka watse, tsoho ya kira ni ɗakinsa ya buɗe akwati ya ciro wani guntun ƙarfe a naɗe cikin tsumma. Bai fi tsawon tafin hannu ba, bakinsa a dakushe, gindinsa da rami inda ake sa ƙota. Ya ce a cikin kayan uwarsa aka same shi, bai san ko na mene ne ba, bai kuma taɓa nuna wa kowa ba. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Da yake ni ɗan boko ne, sai na fara da wautar 'yan boko, na tafi neman kakana a takarda. Na ɗauki hutun mako guda na je birni, gidan da ake ajiye tsofaffin takardun mulkin Turawa. Na sha karatu har idona ya yi ja. Mutanen nan sun rubuta jakuna, sun rubuta shanu, sun rubuta inda dokinsu ya yi tuntuɓe da ranar da zazzaɓi ya kama su. Talaka kuwa sai dai a ce mutanen ƙauyen kaza. Na dawo gida da atishawa da ciwon wuya, ba kaka ba labarinsa.

Ƙarfen ne ya yi abin da takarda ta kasa. Ranar kasuwar Isa na kai shi rumfar maƙera, na miƙa wa wanda ya fi su furfura. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya shafa bakin da babban yatsa.

Ya ce, "Wanga bakin dagi na, na masu ginar rijiya. Sabo nai ya kai kamu guda, dubi inda yak koma. Ƙasa ba ta cin ƙarhe haka, marmara ta. Mai shi dutse yas sara har ƙarhen yaƙ ƙare."

Na ce, "To, mai ɓuya cikin rijiya mi za shi yi da dagi?"

"Shi na nika tambayak ka," in ji maƙerin. "Nan wajenmu yashi na, in marmara kaka nema sai ka nausa bayan Tozai. Kuma kak ka wahal da kanka da masu karatu. Tahi kara ka tambayi Hulani, su sunka san rijiya awa yadda kas san ɗiyan ajinka."

Na tafi kara, inda ake cinikin shanu, na yi ta bin makiyaya ina tambaya ko sun san wata rijiya da wani ya taɓa shiga ya ƙi fitowa. Wasu suka dube ni kamar mai taɓin hankali, wani ya ce ko ni ne zan shiga. Rana ta take, na fara jin haushin kaina, sai na iske wani magidanci a gindin bishiya, sanda a gicciye bisa kafaɗa. Ya saurare ni har na gama, ya ce wane ne ni. Na faɗi sunana duka, har da wutsiyar da nake haɗiyewa in na shiga baƙin wuri. Ya sauke sandar a hankali.

Ya ce, "Ƙi-hita? Ai rijiyam mu ke nan. Ita shanuna ka sha duk rani. Ni ce nikai sunan rijiya na kawai, ashe akwai mutane." Ya ƙara dubana sama da ƙasa. "Goggona tana nan da rai, ta girmi rijiyat. Jibi ka taho in kai ka."

Lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba, mutum na iya hawa babur da hantsi ya shiga daji bai bar wasiyya ba. Muka wuce Tozai, yashi ya ƙare, muka hau wani jan fako mai ƙarfi, sai ga ƙauyen. Gidaje ba su fi talatin ba, manoma a gabas, Fulanin da suke noma suna kiwo a yamma, rijiya a tsakiya ƙarƙashin wata tsamiya. Itatuwan da aka gitta a bakinta igiya ta ci su ta yi layi-layi. Aka jawo mini ruwa a guga na sha, sanyi ƙalau, ba gishiri.

Goggon tana zaune a inuwar bukka tana ɓarar gyaɗa, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ido tar. Na durƙusa na gaishe ta. Da ɗan wanta ya gaya mata ko ni wane ne, sai ta ture ƙwaryar gefe ta ce in miƙe tsaye. Na miƙe. Ta ce in juya. Na juya, ni da nake da ɗalibai fiye da ɗari, kamar ragon da ake tayawa.

Ta ce, "Tsawon na nan, ba ƙari ba ragi. Mu ce mukai jinjirin bai rayu ba. Zamna, ɗana, in ba ka abin da nig gani da idona."

Ga abin da ta ba ni. Tana 'yar shekara takwas ko tara, ƙauyen ba shi da ruwan rani. Da kaka ta wuce sai kowa ya watse, wasu bakin gulbi, wasu su tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke hannun Faransa, sai damina a dawo. Baturen da ke mulkin yankin ba ya son mutanen da ba a samun su wuri ɗaya. Ya ce duk ƙauyen da ba shi da rijiya a tashe shi a haɗa da babban garin da ke bakin hanya, gonaki da kaburburan iyaye a bar su a nan. Ya ba su zuwa dawowarsa daga rangadi. Manoma da makiyaya suka haɗa kai suka ɗauko magina uku. Tun daga sama marmara ce, suka yi ta sara, da suka yi nisa suka tarar da wani baƙin dutse da ya fi ta tauri. Biyu suka ce wurin nan ba ruwa, suka naɗe igiyarsu suka tafi. Gajeren cikinsu ya tsaya, shi da matarsa da jinjirin da ba a daɗe da yi wa suna ba.

Bature ya dawo, rijiya ta kai gaba goma sha ɗaya, ko danshi babu. Ya leƙa, ya ce a fito da mutumin a cike ramin kada dabba ta faɗa, jibi kowa ya ɗaure kaya. Masinjansa ya tsaya a bakin rijiya ya sanar. Aka ja igiya, sai ta taho sakayau ba nauyi. Ashe maginin ya kwance ta daga ƙugunsa.

"Munka ji murya tai daga ƙasa," in ji tsohuwar. "Yac ce, ku gaya mai in cike ta za a yi, a cike da ni. Ni ina jin sanyin ruwa ga ƙahwata."

Bature ya rasa yadda zai yi. Ba ya iya binne mutum da rai a gaban jama'a. Ya sa wani dogari ya sauka ya fito da shi, to rijiyar ta mutum ɗaya ce, kuma matakan da magini yake sarawa a bango don sa ƙafa, daidai ƙafarsa yake sara su. Dogarin zanƙalele ne, gwiwarsa ta yi ta dukan bango, bai kai gaba uku ba ya hauro yana zage-zage. Sai Bature ya hana a ba na cikin abinci, ya hana a kwashe masa ƙasa, ya bar dogarin yana gadi, shi kuma ya koma babban gari yana jiran yunwa ta yi masa aiki.

Nan tsohuwar ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce, "Dogarin ɗan Musulmi na, kuma shina son hura. In innata ta dama sai ta ba ni ƙwarya biyu. Shi sha guda, shi ce za shi kewayawa, shi tahi shi daɗe. Maza su yi maza su ja ƙasa, ni ko in sa ɗayar cikin guga a zurara mai. Kwana tara muna haka."

Ba wurin kwanciya a ƙasan rijiya, don haka ya sari wani ɗan lungu a bango, nan yake zama ya huta, nan yake salla a zaune. Ran na tara da hantsi guga ta fito da laka. Aka ji yana kabbara daga ƙasa. Kafin a kai wa Bature labari ya iso, ruwa ya kai wa magini ƙirji, kuma sai da ya ji ƙarar kofaton doki sannan ya yarda aka zura masa igiya. Bature ya sa aka jawo ruwan, ya duba, ya wanke fuska, ya hau dokinsa ya tafi. Ƙauyen yana nan har yau. Kakana kuwa ya fito da kumburarrun ƙafafu da tarin da bai sake shi ba, bai ga kakar shekarar ba. Matarsa ta ce rijiya ta cinye mata miji, ta goya ɗanta ta tafi ba sallama. Daga baya suka ji ta rasu, suka ɗauka jinjirin ma ya bi ta.

Ina zaune a ƙasa ina kuka, ba na ko ɓoyewa. Farin ciki ne, amma akwai haushi a ciki, haushin duk dukan da na sha a banza. Tsohuwar ta bar ni na gama, sannan ta ce saura magana ɗaya. Duk shekara gab da saukar ruwa suna yashe rijiyar, a kwashe lakar da ta taru a ƙasa. Tun shekarar da ya rasu dattawan ƙauyen suka yanke cewa shiga ta farko ta gidansa ce. Don haka kafin kowa ya sa ƙafa, mai gari yana tsayawa ya kira gidan Ƙi-fita sau uku. In aka ji shiru, sai wani ya sauka a madadinsu, kuma ba ya fitowa sai an zura masa fura ya sha a ƙasa. Shekara saba'in da wani abu suna kira ana shiru. Yasar bana saura mako uku.

Na koma Tsamaye kamar in tashi sama, na zayyana wa tsoho kome. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai. Ya ce, "Kai malami na, ka iya tsara magana. Ka ga na tsuhwa, kana son in mutu da daɗin rai. Allah shi yi ma albarka, amma bari."

Na tashi na fita don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na sha rana, na sha dariyar makiyaya, na kawo masa ubansa har ɗaki, ya ce ƙirƙira na yi. Da na huce na gane ba ni yake ƙaryatawa ba, tsoro yake ji ya saki abin da ya saba ɗauka ya kama wanda zai kuɓuce masa. Na koma na ce ba sai ya yarda da ni ba, ya zo ya ji da kunnensa. Ba ya iya hawa babur, don haka dole na kira yayana. Ya ce zai kawo mota, ko don ya ga yadda zan faɗa rijiya.

Na roƙi mutanen ƙauyen kada su canza kome, su yi yadda suke yi kowace shekara. Muka isa da hantsi, gabas ta fara haɗa gajimare. Tun da safe samari suke jan ruwa suna zubawa a kwami don ya ja baya, shanu suna sha, mata sun yi layi da tuluna. Muka tsaya a cikin jama'a, tsoho a tsakiyarmu yana dogara sanda. Mai gari ya matso bakin rijiya ya ɗaga murya.

"Ina na gidan Ƙi-hita? Rijiyak ku ta, ku taho ku shiga."

Mahaifina ya damƙe hannuna har na ji zafi. Na san abin da yake jira, dariya yake jira, don bai taɓa jin an kira sunan nan a taro ba a yi ta ba. Ba wanda ya yi. Mata sun sunkuyar da kai, maza sun yi tsit kamar a sahun salla. Mai gari ya sake kira. Da aka yi na uku, sai ya saki hannuna ya taka gaba shi kaɗai.

Ya ce, "Ga mu." Ya ɗaga murya ya sake cewa, "Ga mu nan."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Tsohuwar ta taho tana dafa ɗan wanta, ta kama fuskar mahaifina da hannu biyu ta ce ita ta riƙe shi ranar sunansa, kuma ya yi mata fitsari a zane. Jama'a suka yi dariya, shi ma ya yi, hawaye na bin gemunsa.

Sai maganar wanda zai sauka. Kafin in ankara yayana ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa wani, yana naɗe ƙafar wando. Ya ce, "Ni na babba."

Na ce, "Kai ai ɗan Tsamaye na, kotu ta shaida. Gidan Ƙi-hita anka kira."

"Takardab banza," in ji shi, idonsa ja wur. "Litinin za ni koma in warware ta."

Tsohuwar ce ta raba mu. Ta dube shi daga ƙafa har kai ta ce, "Dogo ba shi iyawa, ɗana, an gwada tun dauri. Matakan gajere na. Ba ƙanenka hanya."

A nan murnata ta ɗan ragu, don ni ko rumbu aka ce in hau sai na karanta duk addu'ar da na sani. Amma ba halin ja da baya, ni na tara mutanen. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, na sa guntun dagin a aljihu, na juya baya na zura ƙafa. Ta faɗa cikin matakin farko. Na sauke ɗayar ina lalube, sai na ji rami yana jiran ta daidai inda ta kai. Na sake, haka. Ban miƙa ba, ban tanƙwashe ba, kamar ina sauka matakalar da aka auna da ƙafata. Tun ina yaro ake yi mini gorin gajarta, ranar na ji da a ce an ƙara mini ɗan yatsa ɗaya da na yi asara.

Haske ya yi ta raguwa, sanyi yana tasowa. Kusa da ƙasa hannuna ya faɗa cikin lungun. Na shafa bangonsa, duk sawun sara ne, ɗaya bisa ɗaya. Na ciro ƙarfen na sa bakinsa a ɗaya daga cikin sawun, ya zauna ɗas. Na sauka cikin ruwa iya gwiwa na cika guga da laka sau uku, kamar yadda aka ce in yi, sannan na hau lungun na zauna. Kaina ya tsaya daf da rufinsa bai taɓa ba. Aka zuro furar a ƙwarya cikin guga. Na ɗaga kai, sama ta koma kamar bakin tulu, a gefenta ga farar hular mahaifina yana leƙe, ko da yake na san ba abin da idonsa yake gani. Na sha furar nan duka, ban taɓa shan mai daɗinta ba, kuma na yi wa kakana addu'a da ainihin sunansa da laƙabinsa.

Da na hauro, jikina duk laka, tsoho ya lalubo kafaɗata. Ya ce, "Mi kag gani?"

Na ce, "Baba, ƙarhen nashi na, ya shiga sawun. Kuma tsawonmu ɗaya, ni da kai da shi. Na zamna inda yaz zamna, awa don ni anka sare shi."

Ya saki kafaɗata. Sannan ya cire takalmansa ya ce a zaunar da shi a bakin rijiyar. Mai gari ya so ya hana, tsohuwar ta ɗaga masa hannu. Ni na kama hammata ɗaya, yayana ya kama ɗayar, muka sassauta shi a hankali. Ƙafarsa ta dama ta sami matakin farko. Ta hagu ta sauka da kanta ta shiga na biyu, bai laluba ba. Ya tsaya a haka, rabin jikinsa a cikin rijiya, ya kifa goshi a kan itacen da igiya ta cinye. Hannuwanmu suka fara sagewa, rana tana dukan ƙeyarsa.

Yayana ya sunkuya ya ce, "Baba, rana ta yi zahi. Hito haka nan."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ku riƙe ni dai. Shekara saba'in ina neman inda ubana yat taka, yanzu nis samu. Ban hita tukuna."